Tambaya da Amsa: Abin da Ke Tsakanin Riga da Fata

Wasiƙun watan nan kusan duk maganar wuta suke yi, kuma ban yi mamaki ba, tunda iskar hunturu ta sauko, komai ya bushe ƙamas, kowa na neman inda zai ji ɗumi. Na ware guda biyar da suka shafi tufafi. Masu bin wannan fili sun san ni ɗan tela ne. A gindin keken mahaifina na tashi ina sa masa zare a allura, daga baya neman abinci ya kai ni wata masana'antar narkar da ƙarfe, inda na shekara 19 ina kula da kayan kariyar ma'aikata. In kun ga ina yawan jan magana zuwa wajen yanka da ɗinki, to daga gida na ɗauko.

Tambaya: Malam, ni mai walda ne a Kano, shekarata takwas a sana'ar. Maigidanmu ya sayo mana obarol, an rubuta a jikinta cewa ba ta kama wuta. Sati biyu da fara sa ta, ina walda a ƙarƙashin wata tirela, tartsatsi ya ƙona ni a ƙirji da idon sawu. Rigar ba ta ci wuta ba, amma ni na ƙone. Jabu aka sayar mana ne?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara afuwa. Ban ga rigar ba, amma wuraren nan biyu da ka ambata sun ba ni labari tun kafin ka gama. Ƙirji da idon sawu su ne inda mai walda ya fi ƙonewa ko da yadin jikinsa na gaske ne, domin a nan tartsatsi ke samun masauki.

In an ce yadi ba ya kama wuta, abin da ake nufi shi ne in ka kanga masa harshen wuta sannan ka janye, zai mutu da kansa, ba zai ci gaba da ci ba, ba kuma zai narke ya ɗiga ba. Iyakar alkawarin ke nan. Ba wanda ya ce zafi ba zai ratsa shi ba. Ƙarfen da kake narkarwa yana kai digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, fatar ɗan Adam kuwa tun daga digiri 44 take fara lalacewa in zafin ya daɗe a kanta, in ya kai 60 'yan sakanni sun isa. Ɗigon ƙarfen da ya bugi riga ya gangara, taɓawar ba ta kai ƙiftawar ido ba, zafinsa bai samu damar shiga ba. Wanda ya faɗa aljihu ya zauna, ko ya maƙale a naɗin wando, shi zai juye duk zafin da ya ɗauko a wuri guda. Shi ya sa aikin farko na mai ɗinka rigar walda shi ne kada ya bar wa tartsatsi wurin zama.

A shekarata ta biyu a masana'anta na koyi wannan. Akwai wani dattijo a sashen zubi, gajere ne, wandon da aka ba shi ya yi masa tsawo, sai ya riƙa naɗe ƙafar sau biyu kamar mai shirin alwala. Kullum ina ganinsa haka, ban taɓa tanka masa ba. Ranar da abin ya faru, wani ɗigo da bai fi ƙwayar dawa ba ya faɗa cikin naɗin. Bai ankara ba sai da ƙauri ya tashi. Yadin wandon bai kama ba, ya dai huje, amma safar da ke ciki ta nailan ce. Ni na zaunar da shi na sa almakashi na yanke safar. Wajen ya kai faɗin kwabo, ya yi baƙi, robar ta narke ta shige cikin nama ta daskare, ko kusa ba ta ɓamɓaruwa. Sai a asibiti aka cire. Ya yi wata guda bai sa takalmi ba, ni kuma na yi kwanaki ina jin nauyin shirun da na yi. Satin da ya biyo na ɗauko tela na zaunar da shi a bakin sito, aka auna kowa, aka yanke kowane wando daidai tsawon mai shi.

Ƙa'idar duniya ta kayan masu walda, mai lamba ISO 11611, ta bi irin waɗannan ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk tela zai gane hikimarta. Aljihun waje sai da murfi, murfin kuma ya fi bakin aljihun faɗi yadda ba za a iya cusa shi ciki ba. Ba a naɗe ƙafar wando. Zif da maɓallin ƙarfe a lulluɓe su da yadi, don ƙarfe yana ɗaukar zafi ya miƙa wa fata kai tsaye. Inda yadi ya hau kan yadi, na sama ya rufe na ƙasa, kamar yadda ake jera kwanon rufi don ruwa ya zurare. Ni kuma in ƙara da abin da idona ya gani: wando ya sauko ya rufe bakin takalmi, kada a cusa shi ciki, don in ka cusa ka mai da takalminka mazurari. A ɓalla maɓallin kwala har wuya, balle irinka da ke kwanciya ƙarƙashin mota tartsatsi na zubo maka daga sama. Ina kyautata zaton zafin gari ne ya sa ka buɗe maɓalli biyu na sama, ta nan kuma abin ya shiga.

Sai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo min da ƙuna: me ka sa a ciki? In jesin ƙwallo ce, to ka sa rigar kariya a waje, ka ɓoye abokin gaba a ciki. Yadin roba irin foliyesta yana narkewa ne wajen digiri 250, nailan ma kusa da haka, kuma zafin da ya ratso obarol ya isa ya narkar da su ba tare da harshen wuta ya taɓa su ba. A shekarar 2006 sojojin kundunbalar ruwan Amurka da ke Iraƙi sai da aka hana su sa irin waɗannan rigunan motsa jiki in za su fita sintiri, saboda likitoci sun ga yadda suke narkewa su manne a fata bayan fashewar bam. Singiletin auduga da safar auduga ko ta ulu, ba su da tsada, su ne abokan obarol.

Abu na ƙarshe, wanda samari ba sa son ji. Da an ba yaro sabuwar obarol sai ya garzaya wurin tela a tsuke masa ita ta kama jiki. Alhali ba yadin kaɗai ke kare ka ba, iskar da ke kwance tsakanin yadin da fatarka ita ke yin mafi yawan aikin, domin iska ba ta saurin miƙa zafi. Kamfanin DuPont yana da wani mutum-mutumi da ake kira Thermo-Man, mai na'urorin jin zafi 122 a jikinsa. Ana sa masa kaya, a hura masa wuta ta kowane gefe na 'yan sakanni, kwamfuta ta zana inda mutum zai ƙone. A irin wannan gwaji, inda yadi ya lafe da jiki ne ƙuna ke fara bayyana: kafaɗu, saman baya, cinya, gwiwa. Inda rigar ta ɗan saki, wajen yakan tsira ko ƙunar ta yi sauƙi. Ratar da ta kai kaurin yatsa tana da amfani sosai. In ta yi yawa ainun sai iskar ta fara zagayawa tana yawo da zafi, ribar ta daina ƙaruwa, ga kuma haɗarin injin ya fizgi rigar. Ka sa ta, ka tsuguna, ka ɗaga hannu sama. In ta ɗaure maka baya ko gwiwa, ta yi maka kaɗan. In kuma gyara ya kama, ka ce wa tela kada ya sa zaren roba, don zaren zai narke ɗinkin ya buɗe yadin na nan lafiya. Aikin da ake yi a kwance kuwa, ka ɗora rigar fata ko ko da gaban fata ne a kai, don har yau ban ga abin da ya kai fatar saniya jure tartsatsi ba.

Tambaya: Baba, an ɗauke ni aikin kwana-kwana, ina cikin horo. A garinmu zafin bazara yana wuce digiri 40, rigar kuma nauyi gare ta kamar bargo uku. Na ga wasu manyanmu suna cire shafin ciki, wasu kuma suna sheƙa wa rigar ruwa kafin su shiga. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka a wannan aiki, ya tsare ka. Babu wanda ya fi a cikinsu, kuma ina roƙonka kada ka yi ko ɗaya.

Rigar da aka ba ka hawa uku ce, kowane hawa da aikinsa. Na waje shi ke fuskantar harshen wuta da ƙusa da fasasshen gilashi, ana saƙa shi da zare irin Nomex da Kevlar ko PBI. Nomex ya shiga kasuwa a 1967, shekarar da gobara ta tashi a cikin kumbon Apollo 1 lokacin gwaji a ƙasa, ranar 27 ga Janairu, ta kashe 'yan sama-jannati uku, abin da ya sa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta duƙufa neman yadin da ba ya ci. Na tsakiya wani siririn shafi ne da ke hana ruwa shiga amma ya bar tururin gumi ya fita. Na ciki, wanda manyanka ke cirewa, shi ne mai kama da bargo, an yi shi ne da gangan ya zama mai laushi da kumburi don ya riƙe iska a cikinsa. Wannan shafin da na tsakiya su ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na kariyar zafi. Wanda ya cire shi, rigar da ta rage a jikinsa ba za ta kama wuta ba, amma shi zai gasu a ciki.

Ka riƙe wannan lissafin. Wata mai bincike a rundunar sojan ruwan Amurka, Alice Stoll, ta yi shekaru tana auna yawan zafi da tsawon lokacin da ke sa fata ta tashi bororo, har a kan hannun mutanen da suka yarda a gwada da su. Da awonta ake gwada irin rigarka a Amurka a yau. Ana haɗa hawa ukun, a kanga musu zafi mai ƙarfin kilowat 84 a kowace murabba'in mita, wato irin zafin ɗakin da komai na cikinsa ya kama lokaci guda, a ga sakan nawa za a yi kafin zafin da ya ratsa ya isa tayar da bororo. Ƙa'idar Amurka ta ce makin da riga za ta samu a wannan gwaji kada ya gaza 35, kuma in ka raba shi biyu ka samu lokacin: sakan 17 da rabi. Duk nauyin nan da kake ɗauka, a wuta mafi muni abin da yake saya maka ke nan, lokacin da za ka juya ka kai ƙofa. Cire shafin ciki sayar da mafi yawan waɗannan sakannin ne don a samu ɗan sanyi.

Jiƙa riga kuwa, da farko za ka ji daɗi, wannan gaskiya ne, shi ya sa ɗabi'ar ta ƙi mutuwa. Amma ruwa ya fi iska saurin miƙa zafi fiye da sau 20. In ya cika gurbin da iska take, bargon ya tashi daga aiki. Sannan da zafi ya yi ƙarfi ruwan zai koma tururi, tururin kuma ba shi da hanyar fita sai wajen fatarka. Duk wadda ta taɓa buɗe madambaci ta kai hannu da wuri ta san ƙunar tururi ba wasa ba ce. Ko guminka kaɗai yana iya yin wannan ɓarna, shi ya sa jiƙaƙƙiyar riga ake shanya ta a inuwa ta bushe sarai kafin a koma da ita.

Ka duba gwiwar wandonka da kafaɗar rigarka, za ka ga an ƙara musu kauri. Dalili shi ne in ka durƙusa, ko igiyar tukunyar iska ta danne kafaɗa, iskar da ke cikin shafin tana matsewa ta fita, zafi ya samu gada. Don haka ne ma in abokinka ya fito daga wuta rigarsa na huci, kada ka dafa kafaɗarsa ko ka bubbuga masa baya don murna. Rigar ta tara zafi, danna ta a jikinsa zai ƙona shi bayan ya riga ya tsira. Ka taimaka masa ya buɗe ta tukuna. Ka lura kuma da mahaɗa: wuya, wuyan hannu, da inda riga ta sauko kan wando. Ka ɗaga hannu ka sunkuya a gaban madubi, in ka ga singileti ya leƙo, rigar ba taka ba ce, ka nemi canji.

Kukanka na zafi kuwa gaskiya ne, ban raina shi ba. Rigar da ta hana zafi shiga ita ce ke hana na jikinka fita. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, an daɗe ana ganin kusan rabin 'yan kwana-kwanan da ke mutuwa a bakin aiki bugun zuciya ne ke kashe su, ba ƙuna ba. Maganin wannan ba almakashi ba ne. A riƙa karɓa-karɓa, wanda ya fito ya tuɓe rigar a inuwa, ya sha ruwa, ya tsoma hannuwansa har gwiwar hannu a bokitin ruwa. Kuma ra'ayina, masu sayo wa ma'aikatanmu kaya su daina ɗauka cewa mafi kauri shi ne mafi kyau a kowane hali. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 469 da kanta ta kasa kayan mataki biyu, mai sauƙi don aikin fili, mai nauyi don shiga cikin gini. Wanda aka tura kashe wutar daji a watan Afrilu cikin kayan shiga gini, ba gata aka yi masa ba.

Tambaya: Malam, ni mai tuyar ƙosai da awara ce a Zariya. Kwanaki hijabin wata maƙwabciyata ya kama a risho, kafin a kashe ta ƙone har wuya. Na taɓa jin kun ce tufa mai yalwa ta fi kare jiki daga zafi. To yaya nata mai yalwa ya cuce ta? Me zan riƙa sawa a bakin kasko?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayarki ta taɓo inda ake yawan ruɗewa. Iska abokiya ce in yadin ba mai ci ba ne. In mai ci ne, ita ce ke hura shi. Hijabi mai faɗi yana da iska ciki da waje, wuta kuma ɗabi'arta hawa sama. Da ta kama gefen ƙasa sai hijabin ya zama kamar bututun hayaƙi, ta bi shi ta haura zuwa wuya da fuska. In yadin roba ne, yana ci yana narkewa yana mannewa.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne iskar oksijin. Auduga tana ci ko da oksijin ya sauka zuwa wajen kashi 18, don haka a iskarmu ci take yi sosai. Ulu sai ya samu wajen kashi 25, shi ya sa yake yawan mutuwa da kansa. Kada ki ji an ce auduga ki ɗauka ba ta kamawa. Fifikonta shi ne ba ta narkewa. Kuma a cikin audugar ma akwai bambanci: mai kauri mai matsattsiyar saƙa tana jinkirin kamawa, shara-shara kuwa kamar takarda take. Yadi mai gashi-gashi a fuska shi ma wuta na gudu a kansa. Irin wannan ne ya sa Amurka ta kafa dokar yadudduka masu saurin kamawa a 1953, bayan yara da manya sun ƙone cikin wasu kayan da ke tashi gaba ɗaya da wuta ta taɓa su. A 1996 kuma, game da kayan barcin yara, suka yarda da na auduga muddin ya lafe da jiki, saboda tufar da ta kama jiki ba ta lilo ta kai kan wuta, kuma ba iska a ƙarƙashinta.

Ba zan ce ki ajiye hijabi ba. Ki ware na aiki daban: na auduga mai ɗan kauri, iya ƙirji, ki ɗaura gaban girki mai kauri a kansa ya riƙe shi kada ya yi lilo in kin sunkuya. Hannun riga ya tsuke a wuyan hannu. Zani a ɗaure shi tam, gefen kada ya ja ƙasa kusa da murhu. Igiyar gaban girkin a yi mata ɗaurin zarge, yadda fizga ɗaya za ta kwance in mai ya zubo. Don Allah ki isar da wannan ga iyaye mata: rigunan Sallar yara mata masu raga-raga da baza, yawancinsu roba ne zalla, a wannan sanyin kada a bar yarinya ta je jin ɗumi a bakin kurfoti da su.

In tsautsayi ya faɗa, kada a yi gudu, gudu fifita ne. A kwanta a yi birgima, ko a lulluɓe da bargo mai nauyi daga wajen wuya zuwa ƙasa don a kare fuska. Sannan a kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. Kada a fasa ƙwai, kada a shafa kamu ko man goge baki ko gishiri. Yadin da ya manne kada a ja shi, a yanke kewayensa a tafi asibiti.

Tambaya: Malam, ni yaron motar tanka ne. Tun gobarar Majiya ba na samun barci sosai. Akwai rigar da in mutum ya sa za ta cece shi daga irin wannan wutar?

Amsa: Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, babu. Daren 15 ga Oktoba 2024 a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, sama da mutum 150 ne suka rasu bayan tankar ta kife mutane suka taru ɗibar mai. Allah ya jiƙansu. Wutar fetur da ya malale a ƙasa ba ta wucewa, tana tsayawa ne tana ci. Obarol ɗin ma'aikatan mai an yi ta ne don wutar da ke tashi fau ta wuce. A ƙa'idar Amurka mai lamba NFPA 2112 sakan 3 kacal ake hura wa mutum-mutumin wuta, kuma riga tana cin jarabawa in ƙunar da aka lissafa ba ta wuce rabin jiki ba. Duk da haka ka sa ta, don ita ce bambancin wanda ya fito da ƙuna da wanda kayan jikinsa suka ci gaba da ci bayan ya fito. Ana kuma saka mata ɗan zaren da ke rage tarin lantarkin nan mai ɗan tartsatsi da kake ji in ka tuɓe rigar roba a hunturu, wanda kusa da tururin fetur ba ƙaramin abu ba ne. In mai ya jiƙa maka kaya, ka yi nisa da motar, ka jiƙa su da ruwa kafin ka tuɓe a hankali. In mota ta kife kuwa, ƙafarka ce kariyarka. Ka yi nisa ta wajen da iska ke fitowa, kana yi wa mutane ihu su watse.

Tambaya: Malam, na ga rigar 'yan kwana-kwana da obarol a gwanjo da araha, ina so in saya wa yarana na gareji. Yaya zan gane na kirki, kuma yaya ake wanke su?

Amsa: Alhaji, madalla da maigidan da ke tunanin yaransa. Ka fara da takardar da ke ɗinke a ciki. Rigar kwana-kwana a Amurka shekara 10 daga ranar da aka ƙera ta ake yi mata ritaya ko da ba ta yage ba, irinsu ne kuma ke cika dilar gwanjo. Ga gareji ma ba ita kake buƙata ba, nauyinta zai sa yaran su jefar da ita a kwana biyu. Obarol ta ishe ka. Ka nemi lamba ISO 11612 da haruffan da ke biye. A na nufin harshen wuta ba ya yaɗuwa a kanta, B zafin da wuta ke turowa, C zafin da ke dukan mutum daga nesa kamar na garwashi, D narkakken alminiyam, E narkakken ƙarfe, F taɓa abu mai zafi. Masu zubin tukwane su lura da D musamman, don alminiyam yana manne wa wasu yadudduka masu tsada da ba sa kama wuta, alhali a kan ulu zamewa yake yi.

Yadin iri biyu ne. Akwai wanda rashin cin wutar a jinin zarensa yake, kamar Nomex, wanki ba ya fitar da shi. Akwai kuma auduga da aka shayar da magani, kamar Proban, wadda bilic ke kashe maganinta ba tare da launinta ya nuna maka ba. Ta gwanjo ba ka san wankin da ta sha ba. Don haka ba bilic, ba sabulun sanda da ke barin dafi a yadi, ba maganin laushin kaya, garin wanki kawai a ɗauraye sosai. Kuma obarol ɗin da ta sha baƙin mai da giris, ko wane kamfani ne ya yi ta, man da ke kanta zai ci kamar lagwani. Wadda wanki ya kasa fitar da manta, a jefar.

In takardar ta goge, ga abin da mahaifina yake yi a Kantin Kwari in mai shago ya rantse masa cewa yadi auduga ce zalla. Yakan zare ɗan zare daga gefen, ya ƙyasta ashana. Kai ka yanko ɗan ƙyalle daga cikin kalmasa, ka riƙe da filaya a tsakar gida, da kwanon ruwa a kusa. Auduga za ta ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi. Ulu zai yi ƙaurin babbakar kan rago, ya dunƙule ya marmashe a yatsa. Roba za ta noƙe tana gudun wutar, ta narke da baƙin hayaƙi, ta bar dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Yadin kariya na gaske zai yi baƙi ya ƙandare, kana janye ashanar ya mutu. Mahaifina ba ya ko jiran tokar, da hancinsa yake ganewa, sai ya ninke yadin ya miƙa wa mai shago ya ce a kawo wani.